Bugun Sallama a Al Warsan

Ranar Asabar da ta wuce ina ɗaure igiyar takalmi a gefen fili, na ji ɗayanku, wannan dogon mai karatun injiniya, yana ce wa abokinsa, "Kawu Habu fa ya samu banza. Sau huɗu yake shiga fili a wasa guda, ya daki ƙwallo ya fito, ƙarshen wata ya karɓi salari." Na ji ku duka kun kwashe da dariya. Ban tanka ba, don akwai ruwa a bakina a lokacin. To yanzu na haɗiye, ku samu wuri ku zauna.

Bari in fara da waɗanda kallo kawai suke zuwa, don na lura wasunku har yau ba su gane dalilin da ya sa ƙarti ke ta faɗa wa juna a wasan Amurkawan nan ba. Filin yadi ɗari ne, kowace ƙungiya da gidanta a ƙarshen fili. Idan ƙwallo na hannunku, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma. Kun ci, a ƙara muku huɗu. Ba ku ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a daidai inda kuka tsaya. To a wannan "inda kuka tsaya" nake cin abinci. In dama uku ta ƙare muku kuna bakin ƙofar gidanku, babu mai hankalin da zai miƙa wa abokin gaba ƙwallo a nan. Sai a kira ni in narka ta can nesa, su je su faro tafiya daga nasu gidan. Turawa na ce masa fant. Mu masu Hausa a fili bugun sallama muke ce masa, don ba su ƙwallon kake yi, amma sai ka tabbata sun sha tafiya kafin su dawo maka da ita. Ni da mai jefo min ƙwallo, da masu rugawa su tare wanda zai cafe ta, da mai bugawa tsakanin sanduna, mu ake kira sifeshal tim. Sunan ne kawai sifeshal. A motar ƙungiya mu ne a baya, tare da kulolin ruwa.

Ni ba wannan ya kawo ni Dubai ba. Kago na zo yi a Al Ras, ina ɗaure wa mutanen Kano diloli da kwalaye ana lodawa a kwantena. Sai dai a gida gola ne ni a ƙungiyar layinmu a Fagge, kuma maganar gaskiya ba golan kamu ba ne, golan duka ne. Akan ci ni uku, amma in na ɗaga ƙwallo sai an hau keke an ɗauko ta.

A lokacin Juma'a ce ranar hutu, da safe mukan haɗu mu buga tamaula a wani fegi mai rairayi bayan manyan sito na Al Warsan. Wata Juma'a na cafe ƙwallo, an riga an zura mana biyu, na sake ta da iya ƙarfina. Ta haye waya, ta haye kwantena biyu da aka ɗora kan juna, ta ɓace. Can muka ji wani abu ya fashe, muka ji ihu. Dokarmu, wanda ya buga shi ke ɗaukowa.

Na zagaya na tarar da fili mai ciyawar roba da ƙarti kusan talatin, kowa da hular kwano, kafaɗunsu kamar an cusa musu matashin kai. A gefe wani gajeren dattijo na tsaye, shayi ya wanke masa gaban riga, ga fasasshen kofi a ƙasa, ƙwallonmu a hammatarsa. Na fara haɗa Turancin ban haƙuri, sai na ji ya ce da Hausa, "Daga ina ka buga shi?"

Hausarsa irin ta Zango ce, wadda ƙwallo da mota da matar aure duk "shi" ne. Na nuna masa bayan kwantena.

"Ƙarya kake."

"Wallahi, Baba."

"To koma ka sake. Ina nan tsaye."

Na koma na sake. Wannan karon fulas ɗin shayinsa ta samu.

Shi ne Baba Isiyaka, mutumin Nima a Accra. Ya yi shekaru a Jamus yana tuƙin babbar mota, a can ya koyi wasan. Nan Dubai bas ɗin 'yan makaranta yake ja, ranar hutu kuma ya koya wa wannan ƙungiya bugu. Ya ce in dawo mako mai zuwa, in zo da fulas.

Aikin farko da ya ba ni, ya ja layi da alli a kan siminti, ya miƙo min irin tasu ƙwallon, mai kama da gwandar da aka fiƙe gaba da baya. Ya ce in riƙe ta daidai ƙugu in sake ta ta faɗi kan layin. Na sake. Ya ce in ɗauka in ƙara. Na tambaye shi yaushe zan buga, ya ce, "Kakra kakra," wato kaɗan-kaɗan a yarensu na can. Wata uku ina yar da ƙwallo ƙasa kamar wanda hannu ya shanye wa, ƙafata ba ta taɓa ta ba. Dalilinsa shi ne, wannan ƙwallon ba irin tamu ba ce da duk inda ka same ta gefenta ne. In ta bar hannunka hancinta ya sunkuya ko kaɗan, ba gaba za ta yi ba, wajen 'yan kallo za ta nufa. Dole ta sauka a kwance, ɗinkinta na sama, ta tarar da bayan ƙafarka. Ya ce bugu a hannu yake, ƙafa 'yar aike ce kawai.

Ya kuma ce in riƙa yi a gida. Mu takwas ne a fulat ɗinmu na Hor Al Anz, kuma ku kun san faɗin hanyar da ke tsakanin ɗakunan nan. In ƙwallon ta faɗi daidai, tsalle take yi ta dawo hannunka. In ta faɗi a karkace kuwa, akuya ce aka kwance. Wata rana bayan la'asar ta yi tsalle biyu ta shige kicin, ta faɗa tukunyar miyar kuka da aka yi karo-karo aka dafa da kukar da wani ya zo da ita tun daga Kano. Aka yi zama a kaina, aka kore ni saman bene, tsakanin na'urorin sanyaya ɗaki. Daga can ma sau biyu ta gangara ta sauka kan rumfar mai shawarma. A na biyun ya riƙe ta, ya ce sai na kawo wanda ya san ni.

Wasana na farko, dama ta huɗu ta same mu a tsakiyar fili daidai. Aka jefo min, na sake, na ba ta duk abin da na tara wata uku. Ta haye fili, ta haye gidansu, ta haye waya, ta sauka wajen ajiye motoci. Na ɗaga hannu biyu na ruga wajen 'yan kallo, waɗanda ba su wuce matan 'yan wasa goma da mai shayin karak ba. Da na juyo sai na ga alƙalin wasa ya ɗauko wata ƙwallon yana ajiye musu a yadi na ashirin. Ashe doka ce, in bugunka ya zarce ya shiga gidansu, fito musu da ita ake yi kyauta. Baba Isiyaka ya kama ƙarfen hular kwanona ya jawo kaina ƙasa zuwa tsayinsa.

"Da ka ajiye shi a yadi biyar, casa'in da biyar ke gabansu. Ka ba su kyautar sha biyar, kuma kana rawa."

Bugu na biyu sai na rage tsayi, na sake ta miƙe kamar harsashi. Wannan ya fi na farko muni. Ta isa hannun mai cafewarsu tun mutanenmu ba su yi nisa ba. Wani siririn ɗan Kenya ne mai raba abinci a jirgin sama, ya samu fili kamar titin saukar jirgin nasu. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya wuce sauran, sai ni kaɗai. Ni kuwa tsohuwar sana'a ta motsa, na ware hannu na ɗan durƙusa kamar za a buga min fenariti. Ta kan ƙirjina ya bi. Hular kwano ta juya, na tashi ina leƙen duniya ta ramin kunne. Ranar na koyi cewa nisa kaɗai ba ya amfani, sai ƙwallo ta daɗe a sama. Ta yi daƙiƙa huɗu ko fiye tana shawagi, mutanenka su isa su tsaya wa mai cafewa a gaba. In ya ga haka shi da kansa zai ɗaga hannu ya kaɗa, alamar ya haƙura, zai cafe ya tsaya a nan, kada a taɓa shi.

Jakar nan da kuke zama a kai ba kujera ba ce. Akwai takalmi a ciki, na dama ya gaza ƙafata da lamba ɗaya, da gangan, don kada ƙafa ta yi wasa a ciki. Akwai burushi irin na masu shushaina, don sabuwar ƙwallo santsi gare ta kamar sabulu, sai ka yini kana gurzarta kafin ta yarda da hannu. Akwai famfo da allura da ma'aunin iska. Kada wanda ya bar ƙwallo a but ɗin mota da bazarar garin nan. Na taɓa yi, ta kumbura ta yi tauri kamar kwakwa, na daka ban auna ba, sati guda ina sallah a zaune. Akwai agogon ƙidayar daƙiƙa, akwai raga mai naɗewa da kake bugawa ciki a gefen fili don kada ƙafa ta huce. Sai zare. A wasu ƙasashe ciyawa ake tsinka a watsa sama a ga inda iska ta nufa, to mu ciyawarmu roba ce, ka ja ka ja sai dai farcenka ya karye. Ga iskar teku da ke tasowa bayan azahar ta juya maka bugu yadi goma gefe. Shi ya sa Baba Isiyaka kan zaro zare daga hularsa ya saki. Shekara biyu yana haka, hular ta koma rariya, ya ci gaba da sa ta.

Jibrin shi ne mai jefo min ƙwallo, kuma shi ya kamata ku fi tausaya wa. Ƙato ne ɗan Zangon Kumasi, mai buɗe wa baƙi ƙofa a wani otal. Aikinsa a fili ya sunkuya ya ware ƙafa, ya leƙo ni ta tsakanin cinyoyinsa, ya harbo ƙwallo baya yadi sha huɗu, ta zo min daidai ƙugu kafin ka ce bisimilla. Yana ɗagowa kuma ga ƙato ya faɗo masa. Shekara shida bai taɓa kuskure min ba sai rana ɗaya. Surukinsa ne, uban matarsa, ya biyo ta Dubai a hanyarsa ta dawowa daga Umara, ya ce sai ya ga wasan nan da ake ta ba shi labari. Jibrin dai a gida ya ce musu shi ɗan wasa ne, bai faɗi wane iri ba. Dattijon ya samu kujera ya zauna daidai bayana. Dama ta huɗu ta zo, Jibrin ya sunkuya ya leƙo, sai ga surukinsa ƙafa a sama kai a ƙasa, yana ja masa carbi. Na ga ya miƙe. Ya sake sunkuyawa, ya sake miƙewa. Ya roƙi alƙali ko za a juya fili, alƙali ya ce wannan ba tabarma ba ce. Daga ƙarshe ya yi wani rabin tsugunne na ladabi, ya ɗan karkata gefe, ya jefo. Ƙwallo ta haye kaina, na bi ta yadi ashirin ƙarti uku na bina. Bayan wasa dattijon ya kira shi, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Jibrin, ashe goho kake yi a Dubai?"

Da Baba ya ga na iya, ƙungiya ta ɗauke ni aiki sosai. Na bar kago, bizata ta koma hannun kamfaninsu, ina bugawa ranar wasa, sauran ranaku ina koyar da masu biya. Iyaye kan kawo 'ya'yansu, kowanne kuma cewa yake ɗansa shi zai zama mai jefawa, jagoran ƙungiya. Ba uban da ya taɓa zuwa ya ce min burinsa ɗansa ya iya sallama ƙwallo. Sai yaro ya gwada ko'ina an ƙi shi a turo min. Akwai kuma manya 'yan ofis da tsufa ya fara yi wa sallama suke son su nuna masa da sauransu. Cikinsu ba zan manta da wani likitan haƙori ɗan Labanon ba, mai shekara hamsin da ɗoriya. Burinsa ɗaya, ya buga ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna daga yadi ashirin, a ɗauke shi a waya ya tura wa ƙaninsa. Kullum ya zo da tambaya. "Habibi, wane kusurwa? Habibi, wace tsoka?" Ni kuwa in ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali, Dokta, ka sa kanka ƙasa, kada ka ɗago ka duba." Sati shida yana dukan ƙasa da iska da yatsun Jibrin mai riƙe masa. A na bakwai na matso da shi kusa sosai don ya samu ko sau ɗaya. Ya samu kuwa, bugu mai kyau, da ƙara. Ya ɗago kai ya buɗe baki don murna. Ƙwallo ta daki ƙarfen tsakiya ta dawo ta cire masa haƙorin gaba. An ɗauka a waya, kuma ƙanin ya samu. Ya dawo mako na gaba da sabon haƙori, wanda abokin hamayyarsa na ƙasan bene ya sa masa, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Sai muguwar shekara ta zo. Tsohon babban kocinmu ya koma ƙasarsu, aka kawo wani matashin Bature mai tafiya da kwamfutar hannu a ƙirji kamar jariri. Mai Kwamfuta muke ce masa. Ranar farko ya tara mu ya ce lissafi ya nuna bugun sallama tsoro ne kawai, ƙungiyar da ke amfani da damarta ta huɗu ita ke gaba. Daga yau ba bugu, ko a ina muke. Ban ce lissafinsa ƙarya ba ne. Wataƙila a can inda masu jefawa aikinsu ke nan tun suna yara, daidai ne. Namu mai jefawar akanta ne mai ciwon gwiwa, wanda in ya cire tabarau ba ya bambance namu da nasu.

Baba Isiyaka ya ɗaga hannu ya ce, "Koci, in muna yadi goma na gidanmu fa?"

"Mu gwada."

"In muna yadi ɗaya?"

"Mu gwada."

Baba ya cire rariyar hularsa ya kalli cikinta ya mayar. A satin aka ce masa an gode, ya koma bas ɗinsa. Mu kuwa da yake akwai sauran kwantiragi, aka nema mana abin yi. Ni aka ba ni sarƙa. Sanduna biyu ne da sarƙa mai yadi goma a tsakaninsu, ana tsayawa da su a gefen fili don a san inda aka faro da inda ake nema. Jibrin kuwa aka sa masa rigar shaho, tambarin ƙungiya, mai fukafukai da jela da ƙaton kai na soso, yana tsalle gaban yara. Manajan ƙungiya ya kira ni ofis ya ce min ƙarara, ƙarshen kakar wasa za a duba wanda ake buƙata kafin a sabunta biza, kuma sarƙa kowa ma zai iya riƙewa.

A shekarar nan na san rabin filinmu kamar yunwar cikina, ɗaya rabin kuwa sai dai in hango shi. Mu gwada a yadi ashirin ɗinmu mu kasa, su karɓa, taku biyar suna gidanmu. Mai riƙe sarƙa yakan yi tafiya har ƙafa ta yi ciwo, ni kuwa har ƙiba na yi. Masu tsaronmu, ƙartin da aikinsu hana abokan karawa wucewa, su suka fi shan wuya. Ko ruwa ba su gama sha ba za a ce su koma, kuma kullum bayansu na jingine da ƙofar gida. Shugabansu Magdi, wani injiniya ɗan Masar mai wuya kamar turmi, ya daina gaisawa da koci. Muka sha kashi wasa bayan wasa. Kowane Litinin Mai Kwamfuta ya nuna mana zane mai launi ya ce a lissafi mu muka yi nasara.

Wasan ƙarshe ya faɗo ƙarshen watan Maris, ƙarfe biyu na rana, zafi ya fara dawowa. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya aiko cewa in muka ƙare kaka ba nasara ko ɗaya, su sun janye. Ni da yake sarƙa ce aikina, ban ma ɗauki jaka ba. Na makara, na zura silifas ɗin da na tarar a bakin ƙofar fulat, wani shuɗi, na fita. Baba Isiyaka ya zo kallo, yana zaune bayan inda nake tsaye da sabon fulas.

Abokan karawar su ma ba wani abin kirki ba ne, shi ya sa har aka shiga zangon ƙarshe da maki ɗaya kacal suka fi mu. Saura minti shida, dama ta huɗu ta same mu a yadi talatin da biyar ɗinmu, muna neman sha huɗu. Kowa ya juya wajen koci. Shi kuwa yana ta dangwala kwamfutarsa. Ta yini a rana, ta yi zafi ta ɗauke, ba abin da take nunawa sai hoton ma'aunin zafi. Ya hura mata iska, ya sa ta ƙarƙashin riga, ya ɗora ta kan kular ruwa. Magdi ya nemi a tsayar da agogo, ya tako har gabansa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Koci, me ta ce?"

"Ku ba ni minti ɗaya, tana tashi."

"Khalas," in ji Magdi, wato ya isa haka. Ya juyo ya nuna ni. "Yalla, Habu."

Koci ya buɗe baki, ya kalli wuyan Magdi, ya rufe. Na miƙa wa Baba Isiyaka sandar sarƙa. Aka cire wa wani mai zaman benci riga da kafaɗu da hular kwano aka jibga min. Jibrin ya tuge kan shaho ya yar, ya fizge fukafukai, aka sa masa nasa, amma wandon ya ƙi fita don zif ɗin ya cije. Haka ya shiga fili da jela. Alƙalin wasa, wani malamin lissafi ɗan Kerala, ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce shi dai bai san dokar da ta hana jela ba. Da ya kalli tawa ƙafar da ya san wadda ta hana silifas, amma hankalinsa na kan jelar.

Baba ya zaro zare ya saki, ya yi min ihu da Hausa, "Iska na bayanka! Ɗaga shi sama, ka nufi hagu!"

Jibrin ya sunkuya, jela ta miƙe sama, ya harbo. Wata takwas bai taɓa ƙwallo ba, amma daidai ƙugu ta same ni. Na sake ta a kwance, na taka biyu, na ɗaga. Ƙwallo ta tashi. Silifas ma ya tashi. Ban taɓa ganin takalmi ya yi nisa irin haka ba, iska ta shiga ƙarƙashinsa yana juyawa kamar farfela. Mai cafewarsu ya matso gaba da yawa, don duk shekara ba mu taɓa bugu ba, ya ɗauka dabara ce. Ya ɗaga kai, rana a idonsa, ga abu biyu na saukowa. Ya zaɓi na kusa. Ya ɗaga hannu ya kaɗa alamar haƙuri yadda doka ta ce, ya gyara tsayuwa, ya rungume silifas a ƙirji da hannu biyu. Ƙwallo kuwa ta wuce ta kansa ta sauka wajen yadi ashirin ɗinsu, ta yi tsalle, ta kama gangara tana tuntsure. Jibrin na bayanta, jela na kaɗawa. A yadi na biyu ya faɗa kanta ya danne.

Ƙarti ashirin da ɗaya suka tsaya suna kallon mai cafewa. Shi ma ya buɗe hannu ya kalli abin da ya kama. Kocinsu ya shigo fili yana kumfar baki, alƙali ya buɗe ɗan littafinsa ya duba gaba ya duba baya, ya ce ƙwallo dai ita ce mai tsini, kuma ga ta can.

Yanzu yadi casa'in da takwas ke gabansu, bayansu a jikin nasu gidan. Magdi da mutanensa suka shiga fili kamar an buɗe wa shanu shinge. Dama ta farko ba su motsa ba. A ta biyu Magdi ya keta ta tsakiya ya rungume mai jefawarsu ya kwantar da shi a cikin gidansu. Wannan maki biyu ne, kuma su za su bugo mana ƙwallo. Muka riƙe ta muna rarrafe har agogo ya ƙare. Da maki ɗaya muka ci su. Ana cikin murna kwamfutar ta tashi, koci ya duba ya ce ai ita ma abin da za ta ce ke nan.

Kamfani bai janye ba. Aka sabunta min biza, aka dawo da Baba Isiyaka, Jibrin ya ajiye shaho, sai da aka sa almakashi kafin wandon ya sake shi. Mai Kwamfuta ya ƙara shekara guda tare da mu, yana kiran bugu a dama ta huɗu kamar kowa, ya ce an sabunta masa lissafi. Silifas kuwa manaja ya karɓe shi daga hannun alƙali, ya sa a akwatin gilashi a ofis, da ɗan allon tagulla mai sunana.

Matsalar ita ce ba nawa ba ne. Na Malam Tukur ne, dattijon fulat ɗinmu, mutumin Gusau mai cike wa mutane takardu a wani ofis a Deira, kuma da shi yake alwala. Ranar da na dawo da ƙafa ɗaya na tarar ya je masallaci sau biyu da aron takalmin wani mai lamba arba'in da shida. Na saya masa sabo, ya ce ba ya so, nasa ya riga ya san ƙafarsa. Da ya matsa sai na ɗauke shi a tasi har ofis. Ya tsaya gaban gilashi hannu a baya, ya sa na karanta masa allon, na ba shi labarin wasa daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Habu, ƙafarka ce ta buga, na yarda. To wanda ya je ya ruɗa yaron can har ya bar ƙwallo, takalmin wa ne?"

Na fassara wa manaja. Manaja ya ce gaskiya dattijon na da magana. Aka cire allon aka kai aka ƙara layi. In kun shiga ofis ku duba da kyau, sunansa ne a sama, nawa a ƙasa. Shi kaɗai ne ƙungiyar nan ta taɓa karramawa wanda bai taɓa ganin wasan ba, kuma ya ce ba shi da niyya.